La'adar Da Ba A Faɗa Ba

Shafi na 23

Masu zagin Zaharaddini a kwamen, duk na gani. Ku karanta wannan tukuna.

*

Furera ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta yi sallama daga zaure, kafin a amsa har ta iso tsakar gida, goyo a baya, tsohuwar wayarsa a hannu.

Zaharaddini na tsugune a gindin darbejiya yana goge takalmin Juma'a. Ya ɗago.

"Yaya Furera? Da hantsin nan?"

"Ina Inna?"

"Ta tafi barka gidan su Maijidda."

"Gara haka."

Ta ɗora wayar a kan turmin da aka kifa. Ita ce wadda ya ba ta watan jiya da ya sayi sabuwa, don ta riƙa jin muryar mijinta Abdussalam. Tun da tumatirinsa ya lalace a ranin bara ya bar gari, ya koma dako a kasuwar Dawanau.

"Ka ce ka goge komai a ciki."

"Na goge."

"Ba ka goge ba."

Ta danna.

Muryarsa ta fito, irin wadda yake yi idan ya san ana ɗauka.

"Assalamu alaikum manoman Watari, naku ne Zaharaddini. Yau na zo muku da irin tumatirin da zai fitar da ku kunya..."

Ya san bidiyon. Duk yankin ya san shi. Shi ne wanda ya zaga wayoyin mutane bara, har masu shayi suna kunna wa waɗanda ba su da wayar kallo. Amma wanda ya zaga ɗin minti biyu ne. Wannan ya fi haka.

"...sai dai ku sani, irin nan yana son taki har sau uku, da ruwa a kai a kai. Wanda ba shi da halin..."

"Tsaya, tsaya." Muryar Najib ce, wakilin kamfanin irin, daga bayan waya. "Wannan wurin yanke shi za ka yi. In ka ce taki sau uku wa zai saya?"

"Ai haka aka rubuta a takardar."

"Wa ke karanta takarda a ƙauye? Sannan maganar kasonka kada ta fito. Ka ce musu lambarka ta ragi ce. Ai ba ƙarya ka yi ba, duk wanda ya ambace ta ana rage masa."



Sai dariya. Tasa dariyar.

Furera ta kashe.

Burushin takalmin na hannunsa, ya rasa inda zai ajiye shi.

"Sau nawa kika kalla?"

"Abin da za ka tambaye ni ke nan?"

"Yaya..."

"Ina neman hoton sunan Ramlat ne in nuna wa maƙwabciya. Allah ya so ni, ta tashi ɗauko ruwa."

Ya sunkuyar da kai.

"Irin ba jabu ba ne," ya ce a hankali. "Alhaji Zubair ya shuka, kin ga abin da ya kwasa. Motoci aka riƙa lodi."

"Alhaji Zubair na da injin ruwa biyu. Takinsa a sito yake kwana. Abdussalam fa? Buhu ɗaya ya iya haɗawa, ya zuba sau ɗaya kamar yadda ya saba yi wa irin gidansu."

"Ban ce kada ya ƙara ba."

"Ba ka ce ya ƙara ba."

Ramlat da ke goye a bayanta ta motsa. Ta jijjiga ta ba tare da ta ɗauke ido daga kansa ba.

"Ka san abin da ya yi da irin babansa? Wanda suke matsewa su shanya a kan tsumma duk shekara tun kafin a aure ni? Kaji ya watsa wa. Ya ce zamani ya wuce shi, ƙanina ya kawo na masu ilimi."

"Ban san..."

"Da ganyen ya fara rawaya, aron waya yake yi ya kalli bidiyon nan. Ya kalla, ya koma gona, ya dawo ya sake kalla. Yana neman inda ya kuskure. Har yau cewa yake shi ne bai iya ba. Ranar da zai tafi Dawanau ta bayan gari ya bi, wai kunyarka yake ji, ya ɓata maka suna."

 Zaharaddini ya tuna ranar. Ya hango shi daga nesa da ƙullin kaya a ka, ya yi kamar bai gan shi ba, ya shige shagon caji.

"Zan gyara," ya ce. "Ki ba ni lokaci."

"Wane lokaci? Yau Juma'a."

Ya sani. Tun asuba abin ke cinsa. Yau bayan salla Malam Tasi'u, limamin garin, zai sake sanarwa kamar bara: masu son irin tumatir na bana su rubuta suna, a haɗa a aika da lambar Zaharaddini.

"Kuma Abdussalam yana hanya," in ji Furera. "Jiya ya kira ni. Ya ce in nemi mai sayen akuyata. Bana zai sake gwadawa, wai wannan karon zai bi maganarka dalla-dalla."

"Ki hana shi."

"In ce masa me?"



Ta juya ta dubi bangon ɗakin Inna. A can saman ƙusa, ƙarfen nan na nan rataye, mai tsinin baki, wanda dillalan hatsi ke soka wa buhu su zaro samfur. Na mahaifinsu ne, Muhammadu Sani. Shekara shida da rasuwarsa ba wanda ya sauke shi.

"Ba don ka ci kaso ba ne, Dini. Baba ma la'ada ya ci har ya koma ga Allah. Da ita aka ciyar da mu, da ita ka yi sakandare. Amma ka taɓa binsa Dawanau, ka ji abin da yake fara faɗa kafin ya soka ƙarfen can."

Ya ji. Ba sau ɗaya ba.

*Alhaji, ni dillali ne. Ina da la'ada a cinikin nan, ka ji da kunnenka. Yanzu duba hatsi.*

Har dariya sauran dillalai ke yi masa. Wa bai san dillali na da la'ada ba? Shi kuwa sai ya faɗa.

"Za ki nuna wa mutane?"

Ta ɗauki wayar, ta cusa a cikin hijabi.

"Ba zan iya ba. Ka san ba zan iya ba, shi ya sa ka tambaya."

Ta fita. Ko ruwa ba ta sha ba.

*

Yana kan hanyar gidan liman, ta tsakanin gonakin gero da aka girbe, wayarsa ta yi ƙara. Najib.

"Mutumina. Yau ce ranar, ko? Tsohon naka zai hau lasifika?"

"Najib, ina so in faɗa musu."

"Ka faɗa musu me?"

"Taki sau uku. Da kasona."

Najib ya yi 'yar dariya.

"Ka karya kuwa?"

"Da gaske nake."

"Dini, duk masu bidiyon nan da kake gani, wa ka ji ya taɓa cewa biyansa ake yi? Mai tallan sabulu, mai tallan magani, kowa cewa yake ya gwada ya ji daɗi. Kai ne za ka fara waliyyaka?"

"Su ba a masallaci aka rantse a kansu ba."

"Kai ka rantse?"

"A'a."

"To fa. Ka ga, ka bari a wuce yau. Gobe sai mu zauna, in kana son a ɗan rubuta wani abu a ƙasan bidiyo, a rubuta da ƙananan baƙi. Amma in ka ɓata mini kasuwar Watari, lambarka a rufe take kafin la'asar. Akwai yara da yawa masu waya."

Ya kashe.

Zaharaddini ya tsaya a bakin wata gona. Karan gero a tsaye, an cire zangarniya. Ya daɗe yana kallonsu.

Gaskiya ne, shi bai rantse ba. Abin da ya riƙa faɗa wa kansa ke nan shekara guda.

Bara, kwana ɗaya kafin sanarwa, Malam Tasi'u ya kira shi zaure ya tambaye shi kai tsaye, "Kana da wani abu a ciki?" Ya ce, "Ni dai taimako nake yi, Baba Malam." Malam ya gyaɗa kai. Washegari ya ɗauki lasifika ya ce, "Wallahi yaron nan ko sisi ba ya ci. Ɗan Muhammadu Sani ne, a hannuna ya yi sauka."

Yana sahu na uku a lokacin. Ya sunkuyar da kai. Mutane suka ce kunya ce irin ta 'ya'yan kirki.

*

Ya tarar da Malam a zaure a kan buzu, da guntun madubi a hannu, yana rage gashin baki da ɗan almakashi. An ninke rawani a gefe, kwalbar turare a kai.

"A'a, mai waya ya iso. Shigo. Yau ma za ka ɗauke ni? Bara ka sa na fito kamar wanda aka kama da akuyar mutane."

Zaharaddini ya cire takalmi, ya durƙusa can bakin tabarma.

"Barka da Juma'a, Baba Malam."

"Barka kadai. Ya Innarka? Matso mana, me ka tsaya yi a can?"

Bai matsa ba.

"Baba Malam, bara ka tambaye ni wani abu."

"Na tambaye ka abubuwa da yawa. Har yaushe za ka yi aure na tambaya."

"Ka ce ko ina da wani abu a cikin irin nan."

Almakashin ya tsaya.

"Ina da shi."

Malam bai sauke madubin ba.

"Ina jin ka."

"Duk gwangwanin da aka saya da lambata, ana turo mini kaso. Tun farko a kan haka muka shirya. Gonar da na nuna a bidiyo ba tawa ba ce, ta kamfani ce, ni ban taɓa shuka shi ba. Kuma irin yana son taki sau uku. Na faɗa, aka ce in yanke, na yanke."

Wata kaza ta leƙo zauren, ta koma.

Malam ya ajiye madubin a hankali, ya ɗora almakashin a kai. Ya kakkaɓe gashin da ya zuba a cinyarsa, ɗaya bayan ɗaya, kamar yana da sauran yini guda.

"Lokacin da na rantse, kana wurin?"

"Ina wurin."

"Ka ji?"

"Na ji."

"Sahu na nawa?"

"Na uku."

"Kusa ne."

Da ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Da ma ya ɗauko bulalar da yake zane su da ita suna yara.

"Ka san hukuncin rantsuwata?" in ji Malam. "Na karantar da kai."

"Wanda ya rantse a kan abin da yake zaton gaskiya ne, babu kaffara a kansa."

"Babu. Ni na fita. Ko azumi ɗaya ba a bina." Ya ɗago ya dube shi. "Kai kuma ba ka rantse ba, balle a ce maka ga abin da za ka biya. Aron bakina ka yi."

Idon Zaharaddini ya ciko. Ya danne.

"Abin da ban gane ba shi ne dalili," Malam ya ci gaba. "Dillanci halal ne. Ni da ubanka mun ci tuwon la'ada a kwano ɗaya. Da ka ce mini kana da kaso, sai in ce musu yaron nan yana da kaso, ga kuma sharaɗin irin. Mai hali ya saya, marar hali ya shuka na gidansu. Wa zai ga laifinka?"

"Na ji tsoron ba za su yarda da ni ba."

"Sai ka zaɓi su yarda da wanda ba kai ba."



"Baba Malam, alfarma nake nema. Ka bar sanarwar yau. Ka ce irin bai iso ba, ko ka yi shiru kawai. Ni zan yi sabon bidiyo in bayyana komai, in sa a guruf ɗin manoma na waya. A hankali."

"In ce bai iso ba? Ka zo da ta biyu ke nan."

"A'a, ba haka..."

"A guruf na rantse?"

"A'a."

"Rabin waɗanda suka ji ni ba su da wayar kallo. Tsoho Abdulkabir ko lambar ɗansa bai iya dannawa ba, amma ya sayi gwangwani biyu don ya ji na ce wallahi."

An fara kiran salla na farko daga masallaci. Malam ya jawo rawaninsa, ya fara naɗawa.

"To me za ka faɗa musu, Baba Malam?"

Malam ya gama naɗi, ya shafa turare a gemu. Ya saba ya miƙa masa kwalbar ya shafa shi ma. Yau ya rufe ta, ya sa a aljihu.

"Tashi ka yi alwala."

*

A bakin masallaci, wajen da ake jibge takalma, wani ya riƙo wuyan rigarsa ta baya.

"Injiniyan manoma. Ka yi kuɗi ka daina gaida mijin yayarka?"

Abdussalam ne.

Ya rame. Wuyansa ya yi baƙi, fatar kafaɗa ta yi kanta inda buhu ke zama, ana gani ta wuyan riga. Amma dariyar na nan, irin wadda yake tsokanarsa da ita tun yana ɗan aji uku.

"Yaya Abdussalam. Yaushe a gari?"

"Yanzu na sauka, ko gida ban je ba. Na ce kada a rufe rubuta suna ba ni." Ya rage murya. "Dini, bara na ba ka kunya, na sani. Kowa ya samu, ni na tashi a tutar babu. Bana in sha Allah gona ɗaya za mu riƙa shiga da kai, ka nuna mini da hannu. Ni kan nan nawa ba ya ɗaukar karatun waya."

"Yaya, akwai maganar da..."

"Tsaya tukuna, kada in manta."

Ya laluba aljihu, ya zaro 'yar leda a ƙulle. A ciki ɗan makirufo ne ƙarami, irin wanda masu bidiyo ke maƙalawa a wuyan riga.

"Na gani a wajen wani mai tebur a bakin kasuwa. Na ce wannan na ƙanina ne, iska ta daina cinye masa murya. In bai yi aiki ba kada ka faɗa mini."

Ya danƙa masa a tafin hannu, ya rufe da nasa hannun. Hannun kamar bawon itace.

Suka shiga. Aka yi huɗuba, aka tayar da iƙama.

Zaharaddini bai san me aka karanta a sallar ba. Abdussalam na damansa, kafaɗa da kafaɗa. Ledar na aljihunsa, duk sujada sai ta taɓa masa ƙirji.

Aka sallame. Aka yi addu'a. Mutane suka fara gyara zama, don kowa ya san akwai sanarwa. Masu biro har sun ciro.

Malam Tasi'u ya miƙe, ya karɓi makirufon masallaci daga hannun ladan. Ya busa sau biyu.

"Jama'a, a ɗan dakata. Bara war haka na tsaya a nan na yi muku rantsuwa a kan maganar irin tumatir. Bana ba zan ce komai ba. Mai abin yana nan, zai yi muku bayani da bakinsa. Zaharaddini, taso."

"Masha Allah," in ji wani daga baya.

Abdussalam ya zungure shi da gwiwar hannu.

"Tashi mana. Yau har gaban liman. Ka ga girma."

Ya tashi. Ya ratsa sahu biyu. 

Malam ya miƙa masa makirufon, bai dube shi ba, ya koma ya zauna a kan buzunsa, ya ɗauki carbi.

A nan ya gane abin da tsohon ya yi masa. Bai tona shi ba. Bai ce komai ba. In ya ga dama yanzu zai iya cewa irin ya iso, ga lamba, a rubuta suna. Malam ba zai ƙaryata shi a gaban jama'a ba. Furera ba za ta nuna wa kowa ba. Wayarsa na ta motsi a aljihu, ya san Najib ne.

Ya dubi mutanen. Tsoho Abdulkabir ya kafa hannu a bayan kunne. Alhaji Zubair na murmushi. Waɗanda suka yi wasan ƙwallo tare, waɗanda suka ɗauki gawar babansa.

"Assalamu alaikum," ya ce. Muryar bidiyo ta ƙi fitowa. Tasa ce ta fito, siririya.

Aka amsa.



"Jama'a, ni dillali ne. Ina da la'ada a cinikin irin nan. Ku ji da kunnenku."

Lasifikar da ke saman masallaci ta kai maganar har bakin rijiya, har gidajen da mata ke saurare ta kan katanga.

Ba wanda ya motsa. Carbin Malam ne kawai ke tafiya.

Tsoho Abdulkabir ya juya wajen na kusa da shi. "Me ya ce?"



A sahu na uku, murmushin Abdussalam bai gama barin fuskarsa ba. Ya dafa ƙasa, ya miƙe a hankali, yadda mai dako ke tashi da kaya a ka.

Bai ɗaga murya ba.

"Tun yaushe, Dini?"